Billen Inna a Jikin Randa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna maginiya ta Morai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da faɗi da haske da sanyi. In kin tambaye mu, muna lafiya, sai godiya. Gida lafiya, iyali lafiya. Gero ya yi bana, shinkafar bakin ruwa ma ba laifi. Gwiwata ta hagu ce dai ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta, amma tare muke zuwa masallaci.

Kin san ban yi boko ba, allon ma kin san inda na tsaya. Don haka ni ke faɗa, takwararki ke rubutawa cikin waya. Ɗiyata ce, auta, wadda na sa wa sunanki, shi ya sa bakina ba shi iya kiranta sai da Uwani. Ba ki san ta ba, kin daɗe da tafiya anka haife ta. Ta ce za ta sa wasiƙar inda mutane za su karanta. Na ce su karanta, ba sata na yi ba. Na ce ta rubuta yadda nake magana, ta ce in ta yi haka mutanen Kano ba su ganewa. Sai munka yi rabi da rabi. In kin ji wata kalma ta yi maki baƙunci, ba daga bakina ta fito ba.

Inna, wata magana ce na daɗe da ita a ciki, ban gaya wa kowa ba. Fuskarki ta ɓace mani.

Hannuwanki suna nan, ina ganinsu har da yumɓun da ke maƙale ƙarƙashin farce. Faso na diddigenki shina nan. Muryarki in kina korar awaki daga ɗanyun tukwane tana nan, wani lokaci har juyawa nake. Bayanki kina duƙe kina zagaya randa da baya-baya shina nan. Amma in na ce bari in ɗaga kai in dubi fuska, sai in ga wuri fayau kamar bayan ƙwarya. Hoto kuwa babu. Kin tuna ran da mai hoto ya kafa ƙyallensa a kasuwar Talata Mafara, mata suna ta layi, anka ce ki zo? Kinka ce, "Mi za ni yi da ni biyu? Gudar ma ba ta huta ba." Lokacin dariya munka yi. Yanzu ba ni dariya.

Tsoho mai jikoki ba shi zama cikin mutane shi ce ya mance fuskar uwarsa. Sai na yi shiru da abina.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru bayanki, don ki san inda anka kai mu. Ramin yumɓunki ruwa ya ci shi tun da anka yi dam. Kifi ke kiwo inda nake cika maki mangala. Matoyar da kike gashin tukwane an yi shagon cajin waya a wurin. Maginan unguwarku duk sun bi ki, ɗiyansu ba wadda ta ɗauka. Yanzu roba ce ko'ina. Ruwa shi kwana cikin roba, ka sha da safe kamar an wanke takalmi da shi, amma a ce maka ci gaba ne. Kuma don a ƙara ƙona mani rai, babban ɗana Sani, jikanki na cikinki, shi ke da rumfar robobi mafi girma a layinsu ranar Talata. In na bi ta nan kau da kai nake. Shi kuwa sai shi taso shina, "Baba, ga kujera." Kujerar ma roba.

Aska ma an bari. Ni ne na ƙarshe a gidanmu mai zube a fuska. Ɗiyana duk sumul suke kamar ƙwai. Akwai ranar da wani yaro a tashar mota ya tambayi uwarsa ko kyanwa ce ta yakushe ni. Uwar ba ta ko tsawata mashi ba. Na riƙe fuskarta, ita kam ban mance ba.

To ita Uwani, da ta gama sakandare ta ce ginin yumɓu za ta karanta a jami'a. Na ce ba da yawuna ba. A ɗauki yarinya a kai ta birni ta koyi abin da kakarta ta yi ba ta san ko alif ba? Ta nace. Taurin kai gare ta, ban san inda ta samo shi ba. Ta tafi, ta gama, yanzu har koyar da wasu take a Gusau, da mijinta da ɗiyanta. Amma Inna, da kin ga abin da take ginawa da kin riƙe baki. Abu ga shi kamar tulu, sai ta murɗe mashi wuya, ta huda cikinsa ta ko'ina. Na ce, "Mi ake zubawa ciki?" Ta ce, "Baba, ba a zuba komi, kallo ake." Na ce, "To ko kallon anka zuba, yoyo za shi yi." Ta yi fushi, ni ma na yi.

Bara sai anka kwashe su, su masu wannan aiki, anka kai su wata ƙasa can inda duniya ta ƙare, wai Nuzilan. Ta ce in muna Azahar su suna barci. Ban yarda ba, amma ban yi gardama ba, tunda ban je ba.

Da ta dawo ta zo Morai gaishe ni. Na shirya jin labarin dogayen gidaje da jirgin ƙasa. Sai ta zauna bakin tabarma tana ba ni labarin wasu mutane, wai su Mawori, waɗanda Turawa sunka tarar a ƙasar. Ta ce kakanninsu masassaƙa ne da masaƙa, kuma suna aska a fuska, ba miƙaƙƙiya irin tamu ba, mai naɗewa kamar dodon koɗi. Matansu a haɓa ake yi masu. Ta ce an yi zamanin da abin ya kusa mutuwa, har harshensu yara sunka fara jin kunyarsa, sa'an nan sunka farga sunka juyo. Ta ce in mutum zai gabatar da kansa a taro, ba shi fara faɗin aikinsa, sai shi faɗi dutsen garinsu da gulbinsu da kakanninsa. Na ce waɗannan mutanen kirki ne. Ta ce in za su gaisa hanci suke haɗawa. Na ce, "Allah shi sa dai da mata kinka gaisa."

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne wannan. Ta ce su kakanninsu ba su ginin tukwane. Ba su gaje shi ba. Na yanzu ne sunka je sunka haƙo yumɓun ƙasarsu, sunka koyi gini da gashi da girmansu, don kawai su sami inda za su ajiye zanen kakanninsu, na sassaƙa da na saƙa da na fuska. Ta ce suna cewa ƙasa uwa ce. Na ce wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu, amma mu ma mun san daga ƙasa anka yi mu, kuma cikinta kike kwance. Waɗanda ba su gada ba suna nema, mu da munka gada mun ba kifi.

Sai ta ce akwai wata tsohuwa a cikinsu, maginiya, mai aska a haɓa, da ta ga hotona cikin wayar Uwani. Tsohuwar ta riƙe wayar ta daɗe tana duba, ta sa yatsa tana bin zubena. Ta tambaye ta, "Wannan zanen na wane gida ne? Uwarsa ma irinsa gare ta?" Uwani ta ce, "Baba, na yi digiri biyu kan yumɓu, na tsaya gaban matar nan ban san amsa ba. Kunya kamar in nutse."

Na ce, "Madalla. Ai gara da kinka je ƙarshen duniya anka gaya maki, tunda ni in na faɗa ƙauyanci ne."

Ta ce tana so ta gina randa irin taki, da hannu, ba da injin makaranta mai juyawa ba, ta sa askarki a jiki. Ta ce, "Kai kaɗai za ka gaya mani yadda fuskar Inna take."

Inna, gabana ya faɗi. Na ce sai na tambayi liman tukuna, don ba ni yarda a yi gunki a gidana. Gaskiya neman hanyar gudu nake. Liman ya ce, "Da ido? Da hanci? Da baki?" Na ce babu, zane ne kawai. Ya ce, "To Malam Labbo, ai ko tabarmar da kake zaune kai da zane." Ban ji daɗin amsar ba. Ina ganin limaman yanzu suna da saurin sauƙaƙa abu.

Yumɓu a fadamar Bakura Uwani ta samo shi, wurin wasu tsofaffin mata da sunka rage suna gini. Da anka sauke buhunan na ɗebi kaɗan na sa tsakanin haƙora yadda kike yi. Bai kai naki ba, yashi ya ɗan yi mashi yawa, amma shina da danƙo. Ta ce za ta kira yara su taka. Na ce wane yaro? Na naɗe wando. Na sa ta daka tsingaro ta tankaɗe, munka zuba, na shiga da ƙafafuna. Gwiwa tana kuka, ina takawa. Sanyin yumɓun nan da ya ratso tsakanin yatsuna, wallahi sai da na ji kamar za ki ce daga bayana, "Gefe, gefe, tsakiya ta ji." Na taka gefen.

Ta iya gini, wannan kam ba ni hana ta. Ta kife tsohuwar tukunya ta daɓe gindin a bayanta, ya sha iska ta juye, ta riƙa murza yumɓu tana ɗorawa tana zagayawa da baya-baya. Ba wanda ya nuna mata wannan tafiyar a gidan nan. Na zauna gindin bedi, wato darbejiya, ina gyara mata, ko inda ba ya son gyara, don kar kanta shi yi girma.

Da randa ta tsaya, ta sha iska ta yi tauri kamar fatar kiri, sai ta ce lokacin zane ya yi. Kin fi kowa sani, in ta wuce nan ta bushe, ko da wuƙa ba ta karɓar zane sai ta ɓantare. Ta bar wani fili a kafaɗar randar, nan ne madadin fuska. Zube ba wuya, irin na gidanku ne, na san shi a fuskar kawunnaina, daga gefen kai shi gangaro zuwa bakin leɓe, dama da hagu. Na nuna, ta ja da tsinken kara. Sai ta ce, "An ce Inna tana da bille."

Kina da shi. Guda ɗaya, a karkace daga gindin hanci, wanda wanzami ya ƙara maki don yayyenki sun yi ta mutuwa suna jarirai. Na san da shi kamar yadda na san sunana. Amma wane kunci? Na rufe ido. Bayan ƙwarya.

Na ce, "Dama."

Ta ce, "Baba, ka tabbata?"

Na taso mata da faɗa. Na ce uwata ce ko tata? Ni za ta titsiye kamar ɗan makarantarta? Ta bar ni na gama. Sa'an nan ta jiƙa buhunan algarara ta lulluɓe randar, ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu za ni Maradun in ɗauko Goggo Hajo."

Kin san Hajo, autarki. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ta yi bayan rasuwarki. Randarki ta ƙarshe, wadda kinka gasa kina tari, tana nan ɗakinki. Ban ce ba ni ba ta ba. Cewa na yi a bari a yi arba'in. Ina gona ta sa mijinta ya ɗora ta kan jaki, ko sallama babu. Ba su kai rabin hanyar Maradun ba jakin ya yi tuntuɓe. Aikin hannunki na ƙarshe, Inna, a kan turba, kaca-kaca. Kuma har yau ba ta ce mani "yi haƙuri" ba. Cewa ta yi wai jakin ne.

Kar ki ce na yanke zumunci, ban yanke ba, na san hukuncinsa. Duk suna, duk biki, duk gaisuwar mutuwa, in mun haɗu ina ce mata "Lafiya?" ta ce "Lafiya." Shi ke nan. Haka munka tsufa.

Na ce wa Uwani in ta kawo ta, ni barin gidan za ni yi. Na ce hanyar Maradun yanzu ba a binta don wasa, kowa ya san halin da ake ciki. Ta ce da hantsi za ta, cikin motar kasuwa, ta juyo kafin La'asar. Ta tafi. Ranar ban iya zuwa gona ba. Ina zaune ina yayyafa wa buhunan ruwa kar randa ta bushe, ina duban ƙofa, ina zagin Mawori da tsohuwarsu da wanda ya ƙera jirgin da ya kai ta. Da na ji sallamarsu sai da na yi hamdala a ɓoye. Gidan kuwa ban bari ba. Gidana ne, don mi za ni bar shi?

Hajo ta tsufa, Inna. Ta ranƙwafa, haƙoran gaba sun tafi, da sanda take tafiya. Bakin dai shina nan yadda kinka bar shi.

Ta ce, "Sannu da gida, Yaya Labbo. Ya gwiwa?"

Na ce, "Wa ya gaya maki gwiwa?"

Ta ce, "Tun daga zaure nake jin ƙararta."

Uwani ta yaye buhunan. Hajo ta zagaya randar da sandarta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce gindin ya yi kauri. Na ce ni ma na faɗa. Wannan ne karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya tun kina da rai, kuma duk mu biyun ba mu ji daɗin haka ba. Sai anka zo kan bille. Na sa yatsa a dama. Ta yi wata irin dariya.

Ta ce, "Dama? Yaya, kai yaushe ka taɓa duban Inna? Ɗan fari ne kai. In ka shigo ta kau da kai, in ta yi magana kai kana duban ƙasa. Ko sunanka ba ta faɗi, sai dai 'wancan'. Ƙafafunta ka sani, ba fuskarta ba. Ni ce na kwana a jikinta har anka kai ni ɗaki."

Na ce, "Ke da ko randarta ba ki iya kaiwa gida ba?"

Ta ce, "Jakin ne."

Na ce, "Jakin ne ya shigo ɗaki ya ɗauka?"

Uwani tana tsaye da tsinke a hannu tana cewa, "Baba, Goggo, don Allah, tana bushewa." Ba wanda ya saurare ta. Maƙwabta har sun fara leƙowa ta kan danga. Sai Hajo ta jingine sandarta, ta sassauta murya.

Ta ce, "Yaya, ni na yi mata wanka. Kai kana waje da maza. Da wannan hannun na shafe fuskarta, na rufe mata ido, na ɗaure haɓa. Babban yatsana ya faɗa cikin billen nan. Ban san dama ba, ban san hagu ba. Hannuna dai ya sani."

Ta rufe ido, ta ɗora tafinta kan filin nan na kafaɗar randa, ta shafo a hankali kamar mai shafar mara lafiya. Da yatsan ya zo wani wuri sai ya tsaya. Ta danna farce ta ja. A hagu.

Mi za ni ce? Inda ta shiga ban shiga ba. Ban ce na yarda ba. Na ce dai rana ta yi, a ba baƙuwa fura.

Amma maganarta ta zauna mani. Gaskiya ta faɗa, ko da yake da mugun nufi ta faɗe ta. Kunyar ɗan fari ta ci mu, ni da ke. Shekara nawa ina taka maki yumɓu, ina kora jaki zuwa kasuwa, ina jera maki tukwane a matoya, duk a gefenki nake ko a bayanki. Ban ga laifinki ba, haka anka yi ki, haka uwarki ta yi wa nata. Sai dai na gane ba mantuwa ce kawai ta same ni ba. Abin da ban tara da yawa ba ne ya ƙare.

Randa ta bushe a inuwa. Uwani ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka har tana ƙyalli. Hajo ta ƙi komawa, wai sai ta ga gashi. Munka yi matoya bayan gida, da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa. Ni na jera, ni na sa wuta ta gefen da iska ke fitowa. Duk ƙarar da wutar ta yi sai in ce shi ke nan ta fashe. Da safe munka tone toka. Ta fito lafiya, ja wur, da baƙin tabo guda a ciki inda wuta ta lasa. Na ƙwanƙwasa, ta amsa ƙau.

Hajo na ganinta ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Tana cewa, "Inna ce, wallahi Inna ce." Uwani ma tana share ido. Ni kuwa na duba, na sake dubawa. Na matsa kusa, na ja baya. Randa na gani da zane. Kyakkyawa, ba laifi. Amma ke ban gan ki ba. Haushi ya kama ni, har da Hajo da ta gani ni ban gani ba. Na ce a raina, ko nan ma sai da ta riga ni ɗauka.

Washegari Sani ya mai da Hajo Maradun. Da za ta shiga mota ta ce, "Sai wata rana, Yaya." Na ce ta gai da gida, ta riƙa shafa man shanu a bayan nan nata. Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba.

Uwani ta ce za ta naɗe randar cikin katifa ta kai Gusau, daga nan a kai ta wani babban ɗaki a Abuja inda ake ajiye irin waɗannan abubuwa, a kunna mata fitila, mutane su zagaya. Na ce ba inda za ta. Ta ce, "Baba, ba ta ruwa ba ce." Na ce, "Kinka ce randa irin ta Inna za ki gina. Inna ba ta taɓa gina abin da ba shi aiki ba. In ba ta riƙe ruwa, ba randa ba ce, ki kira ta wani suna." Munka yi ta yi. Tana shiga ɗaki yin sallar Magariba na kira matan gida, munka kafa ta gindin bedi kan yashi, na sa anka cika ta da ruwan rijiya har wuya, na rufe da faifai. Da ta fito ta gani ta ce, "Baba!" Na ce, "Na'am."

Da na dawo daga sallar Asuba gari ya fara wayewa, na biya in sha. Kin san sabuwar randa, yadda take tsattsafowa. Jikinta duk ya yi raɓa. Ruwan ya bi zanen, don nan ne ya fi zurfi, zuben ya yi duhu, layi-layi, shina gangarowa. Na ga wani ɗigo ya taru a cikin billen, ya yi nauyi, ya bi karkatarsa a hankali, ya zo ƙarshe, ya tsaya, ya faɗi.

Inna, sai ga ki.

Ranar gashi ce, ina yaro, ban fi tsayin randa ba. Kin hana ni matsawa, na ƙi ji, na sa sanda na jawo wani kasko daga cikin toka, ya mirgino ya faɗa mani kan ƙafa. Na ƙwala ihu. Kinka watsar da abin da ke hannunki kinka zo da gudu, kinka durƙusa, kinka kama fuskata da hannu biyu. Kinka ce, "Labbo!" Da bakinki. Fuskarki dab da tawa, wuta ta sa kin jiƙe sharkaf, zufa tana bin zubenki layi-layi, ta taru a bille ta ɗigo mani a hannu. Na ga idanunki, ƙanana, jajaye don hayaƙi. Na ga girarki da ta ƙone gefe guda. Na ga wushiryarki. Na ga yadda leɓenki na ƙasa ke rawa. Sa'an nan kinka farga, kinka waiga ko wata ta ji, kinka sake ni, kinka ce wa maƙwabciya, "Dubi abin da wancan sakaran ya yi wa kaskona."

Duk ya dawo, har warin toka. Na zauna a kan yashin nan da moɗa a hannu ban sha ba, har rana ta fito. Uwani ta same ni a haka. Ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce, "Wushirya gare ta. Kin san da haka?" Ta ce a'a. Na ce, "To rubuta."

Billen a hagu yake, inda Hajo ta sa shi. Na gaya wa Uwani in ta karanta mata wannan wurin ban yafe ba. Ta ce Goggo tana da jikoki masu waya, ko ba ta karanta ba za su karanta mata. To su karanta. Bille dabam, maganar jaki dabam, wannan tana nan inda take.

Randa tana gindin bedi. Uwani ta haƙura, ta ɗauki hotonta da safe lokacin da take raɓa, ta aika wa tsohuwar can ta Nuzilan, da sunan gidanku da na gulbinmu, amsar da ta kasa ba ta. Ta ce za ta gina wata ta kai Abuja. Na ce ta gina goma, ta huda su yadda take so. Wagga kam ta ruwa ce. Kowa a gidan nan daga ita yake sha, har Sani in ya zo, shina sha shina cewa, "Kai, Baba, sanyi!" Kallonsa kawai nake.

Ni kuwa kullum na fito masallaci da Asuba sai na biya. Yanzu ba sai ta tsattsafo ba, ko ido na rufe kina nan. Amma ina zuwa dai. Ina tsayawa gabanki sosai, ba a gefe ba, in dube ki iyakar son raina. Ba mai kau da kai.

Allah shi jiƙan ki, Inna. Allah shi gafarta maki, shi yalwata makwancinki, shi sanyaya shi fiye da yadda kinka sanyaya wa mutanen Morai ruwa. Duk wanda ya taɓa kashe ƙishirwa daga aikin hannunki, Allah shi sa ladan a mizaninki. Allah shi jiƙan Baba da duk Musulmin da sunka riga mu. Allah shi yi wa takwararki albarka, shi rage mata taurin kai kaɗan. Tsohuwar da ta yi tambayar nan, Allah shi saka mata da alheri, shi shirye mu baki ɗaya. Hajo ma, Allah shi ba ta lafiyar baya. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, a bi hanya ba fargaba. In tawa ta zo, Allah shi sa in cika da imani, shi haɗa mu inda ba a rabuwa. In kin gan ni kin kau da kai, ba komi. Ni dai zan gane ki.

Wassalam.

Ni ne ɗanki,
Labbo, daga Morai.